Zoben Darbil

Ni fa babu ruwana da bindiga. Ko tayar mota ce ta fashe a titi, ni ne na farko a bayan shago. Ina zaman zamana, ina ɗan ɗaukar fasinja daga unguwar Hindawiyya zuwa ta Shisha a tsohuwar motarmu, in na samu na shawarma in dawo in miƙe, sai kawai aka tsoma ni cikin wannan sha'ani. Umma ce ta tsoma ni, da hannu bibbiyu.

"Auta, yayanka ya ce zai koma nadi. Kai za ka riƙa duba masa."

"Ni, Umma? Ni da lissafi ya koro daga makaranta da rana tsaka?"

"Ya sayo na'urar da za ta yi maka lissafin. Yalla, tashi."

Nadi wani fili ne na masu harbin nesa, can bayan gari, wajen iyakar Harami ta hanyar Jidda. Farantin ƙarfe suke harbi, wanda in ka hango shi da ido bai fi ƙwayar wake ba. Mutum biyu ke yin abin. Ɗaya yana kwance da bindiga, ɗaya yana tsaye a kan darbil, wato madubin hangen nesa mai ƙafa uku, yana faɗa masa nisa da inda harsashi ya sauka.

Mai duba wa Yaya amininsa ne, wani dogon mutumin Maraɗi, direban bas. Shi ne ke kirana Farfesa don ya ji haushina, ni kuma in ce masa Falwaya. In ya zo gidanmu sai ya sunkuya a ƙofa, ya cinye mana tuwo, ya ce na Umma ya kusa kamo na garinsu. A hajjin da ya wuce ya rasu a Muzdalifa, zaune a kujerarsa ta bas, yana jiran alhazai su gama hawa. Zuciya ce, aka ce. Mutane suka yi ta cewa ya dace da wuri, kuma gaskiya ne. Amma gidanmu ya yi tsit. Yaya daga wurin aiki sai ɗaki, daga ɗaki sai masallaci. Ni ma na daina kallon ƙofar nan, don in na kalle ta sai in ga kamar zai sunkuyo.

To da Yaya ya buɗe baki ya ce zai koma nadi, Umma har sadaka ta yi. Ta ja ni gefe ta ce, "In ka ɓata wannan, ni da kai ne." Na gane. In ya koma harbi, ya dawo cikin mutane. In bai koma ba, shi da ɗakin nan sai yadda Allah ya yi.

Na'urar da ya sayo 'yar ƙarama ce kamar sabulu. Ka leƙa, ka danna, ta harba haske wanda ido ba ya gani, ta rubuto maka nisan abin. Aikin shi ne a ɗaura ta a gefen darbil su riƙa kallon wuri guda, don kada in tsaya ina lalube kamar mai neman takalmi a ƙofar Harami. Ni na kai wa wani mai walda a Hindawiyya zanen da Yaya ya yi, ya yanko mana ƙarfe mai lanƙwasa da huji biyu. Har yana tambayata ko na rataye tukunya ne.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci muka hau saman bene da kayan. Umma ta biyo mu har matakala tana cewa, "Ku juya shi wajen dutse! Kada a ce 'ya'yana na leƙen matan mutane a wurin shanya." Muka juya shi wajen dutsen da ke bayan unguwa.

Yaya ya buɗe ƙafafun darbil a tsayin da yake tun da can, tsayin Falwaya. Ni ko na yi ɗage ban kai ba, sai da na kifa bokitin fenti na hau. Sannan ya nuna mini wani baƙin zobe a wuyan darbil ɗin, wanda ake murɗawa gani ya fito tas.

"Komai ka ga dama ka taɓa. Wannan kada ka taɓa."

"Me ya yi zafi?"

"Yadda ya bar shi ke nan."

Marigayi ba ya gani sosai, gilashinsa kamar gindin kwalba. In zai leƙa sai ya cire gilashin ya murɗa zoben daidai idonsa. Shi ya sa duk wanda ya leƙa bayansa ba ya ganin komai sai dishi-dishi. Yaya ne ya sayi darbil ɗin, amma ido ɗaya ya sani. Daga baya Umma ta gaya mini wai Yaya yakan kafa shi a ɗaki ya leƙa, ya daɗe a haka, yana kallon wannan dishi-dishin.

Muka ɗaura ƙarfen, muka ɗaure noti, na'ura ta zauna a gefe kamar goyo. Saura saiti. Yaya ya ce in sa wani farin dutse a tsakiyar darbil, shi kuma ya karkato na'urar har ta hau kan dutsen. Na leƙa.

"Yaya, wane farin dutse? Ni kunu nake gani."

"Duba da kyau."

"Na duba. Kunun ma ba a tace ba."

Ya ture ni ya leƙa da kansa. Ya runtse ido, ya buɗe, ya matsa baya, ya matso. Ya ce ga shi nan, ya ɗaure. Muka danna na'ura, ta ba mu nisan tankin ruwan maƙwabta. Muka kwance muka sake, ta harba sama ba ta dawo da komai ba. Rana tana dukanmu, bokiti yana rawa a ƙarƙashina, gumi yana shiga idon Yaya yana sharewa da bayan hannu. Ban sani ba ko gumin ne kaɗai. Da aka kira la'asar sai ya ajiye sukudireba ya ce, "Halas. Ba zai yiwu ba. In na dawo mu naɗe."

Ya sauka. Na zauna a kan bokiti ina jin takunsa. Na san in aka naɗe kayan nan yau, an naɗe ke nan. Na tuna fuskar Umma a matakala. Na hau bokiti, na ce, "Falwaya, ka yi haƙuri," na kama zoben. Da tauri, kamar ba ya so. Na murɗa a hankali, sai kunu ya fara washewa, dutse ya fito, har wata akuya na gani a gindinsa tana tuƙa. Nan da nan na sa farin dutsen a tsakiya, na karkato na'urar, na ɗaure noti. Na danna, lamba ta fito. Na sake dannawa, ita ce dai. Na yi sallata a nan saman bene, raina rabi fari rabi baƙi.

Yaya ya dawo da jakar darbil a hannu. Na ce, "Kafin ka naɗe, leƙa."

Ya matso ya leƙa. Bai janye ido da wuri ba. Na ga kafaɗarsa ta sauka.

"Ina gani," in ji shi. "Me ya sa nake gani?"

"Saboda ya yi, Yaya! Danna ka ga. Gobe ma sai nadi."

"Ka taɓa."

"To ya za a yi? Kai ka taɓa jin an yi saiti cikin hazo? Shi kansa da yana nan da ya ce, Farfesa, murɗa mana."

"Kada ka sa masa magana a baki."

"Ni ma fa na yi rashin nan, ya akhi! Kana tsammanin kai kaɗai ya mutu ya bari? Wa ke kirana Farfesa yanzu?"

Muryata ta karye, na ji kunya, sai na ƙara ɗaga ta. Na ce masa zobe ne kawai, ba kabari na tone ba. Na ce Umma ta rame saboda shi. Shi dai yana tsaye, hannunsa a kan darbil, yana shafa zoben da babban yatsa. Babu wata alama a jikin zoben da za ta nuna inda yake a da, baƙi ne ko'ina.

"Shi ke nan, tunda abin ya zama haka," na ce. "Matsa in mayar maka da shi yadda yake. Wallahi yanzun nan zan mayar."

Ya kalle ni, idonsa jawur.

"Da idon wa za ka gane ka kai?"