Jiragen da Suka Fara Girgiɗi

Mai Jirgi ake ce masa, ko da yake bai taɓa taka jirgin ruwa ba. A shagonsa mai warin ƙonannen katako yake ƙanƙance zanen manyan jirage a kwamfuta, injin leza ya yanka falanki gunduwa-gunduwa, mai saye ya je gida ya harhaɗa. Doka ɗaya gare shi: ba ya sa wa kaya kuɗi sai ya haɗa na farko da hannunsa.

Da girma ya kama shi, hannun ya soma rawa, haƙarƙarin jirgi ya ƙi shiga raminsa. Bai gaya wa kowa ba. Sai ya koma kan zanen, ya ƙara wa kowane rami faɗi. Bana kaɗan, baɗi kaɗan.

Kaya suka fara dawowa. Masu saye suka ce jiragen girgiɗi suke yi kamar haƙorin tsoho.

"Katakon yanzu ne ba shi da kirki," ya ce wa matarsa.

"Haka ne, Maigida," in ji ta. Ta zuba masa shayi rabin kofi, kamar yadda ta daɗe tana yi, don kada ya zube masa a jiki.