Randar Goggo Ta Canza Murya

Jiya na ƙwanƙwasa tsohuwar randarmu a garinmu Ƙofa, ta amsa da dusasshiyar murya. Na tuna Goggo, yayar babana, maginiyar tukwane.

In ta ciro tukunya daga wuta takan yayyafa mata ruwan makuba na ɓawon ɗorawa, ta yi baƙi tana sheƙi. Amma sheƙi ba ya ruɗinta, sai ta ƙwanƙwasa ta kasa kunne.

Wata rana ta fasa wadda ta fi kyau. Na ce, "Haba Goggo, ai lafiyarta ƙalau!"

Ta ce, "Ta ciki ta tsage." Ta dafa ƙirjinta. "Ni ma haka."

Ba ta ga damina ba.

Randar nan kaɗai ta rage mana cikin aikin hannunta, ga shi gindinta ya fara tsatsafo. Allah ya sanyaya makwancinki, Goggo, yadda kika sanyaya mana ruwa.