Ƙarfen da Ake Buga Ƙararrawa da Shi a Saji

Kullum kafin yara su iso makaranta a Saji, Malam Sadisu yakan jingine kekensa, ya janye bencin baya ya bar fili. Filin na yaran da zama ke gagara ne, a tsaye suke karatu. Shekara da shekaru muna yi masa dariya, muna cewa yana lalata tarbiyya.

Wace tarbiyya? Mu ne fa muka raɗa wa Lukman suna Shaiɗan yana ɗan shekara takwas. Yaro ya manta takalminsa a masallaci, ya amsa tambaya ba a gama ta ba, a aike shi sayen gishiri ya dawo da labarin tsuntsu. Ya sha bulala har ya daina gudunta. A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, da kowa ya zama mai gyaran ɗan wani, babansa Lado ya kai ƙarfe maƙera a yi masa mari na ɗaure ƙafa.

Can Malam, ransa a ɓace, ya iske Lado, an riga an auna ƙafar yaron an lanƙwasa ƙarfen.

"Lado, a gida haka yake, a makarantar allo haka, a ajina haka. Mai taurin kai yana zaɓar wanda zai yi wa. Wannan ko abin da yake so mantawa yake, ya koma yana kuka. Hankalinsa ne ba ya tsayawa wuri ɗaya. Likita za mu kai shi."

"Malam, na gaji. Zagina ake yi a gari."

"To ba ni ƙarfen."

Ya sa maƙeri ya miƙar da shi sanda, ya damƙa wa Lukman. Daga ranar shi ne mai buga ƙararrawa: ya ruga, ya buga, ya dawo ya iya sauraro. Likita a Kano ya ce larura ce sananniya, kuma ana taimakon masu ita.

Malam, kai ne ka gane irinta a wurin ɗalibarka Ramlat mai shiru tana kallon taga, lokacin da ake shirin kai ta a cire mata aljanu. Kai ne ka tsaya ka duba inda mu muka ɗaga hannu.

Yau ka ajiye aiki, Lukman ne ke koyarwa a ajinka, bencin baya kuma yana nan a janye. Mun gode, Allah Ya saka maka. Duk mai yaro irin wannan, kafin ya ɗauki bulala, ya zo Saji ya riƙe sandar nan. Da ƙafar yaro aka auna ta.