Kwazazzabon Hallbera

Hallbera mace ce da ba a ce mata zauna. A kudancin Iceland, duk kaka in za a tattaro tumaki daga duwatsu, kowace gona sai ta ba da mutum ɗaya. Tun tana budurwa ita ce mutumin gonarsu, kuma rabonta kullum kwazazzabon nan ne mai baƙin dutse, wanda kogi ke ruri a ƙasansa. Ta binne miji, ta aurar da 'ya'ya, ba ta taɓa fashi ba.

Bana an yi mata aiki a ƙugu. Ɗanta Skafti ya zagaya ya gana da Ketill, sarkin dutse, mai raba wa kowa inda zai bi. Yaran yanzu, in sun ce suna tausayinka, to duba abin da za su ƙwace maka. Ranar fita Ketill ya yi ta kame-kame.

"Hallbera, bana ke ce a kan kofi da miyar nama, a shingen rabon tumaki."

"Kofi? Kai Ketill, ni na goge maka majina ranar da ka fara hawa dutsen nan. Yau kai ne za ka miƙo mini buta?"

"Mama, ƙugunki fa ƙarfe ne yanzu," in ji Skafti.

"To ai ya fi naku ƙwari."

Ta yi kunnen uwar shegu da su, ta ɗauki sandarta. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don ta san wanda aka ajiye a kan kofi ba ya sake komawa dutse.

Hanyar siririya ce, tsakuwar dutse mai aman wuta tana zamewa ƙarƙashin takalmi, feshin ruwa ya sa ko'ina santsi. Wani ɗan yawon buɗe ido mai sanda biyu ya miƙo mata hannu, da harara ta sallame shi. Can sama ta iske wasu tumaki raɓe a lungu, ta daka musu tsawa, ta koro su.

A saukowa ne ƙafa ta ce ba ta san zance ba. Ta gwada, ta sake gwadawa. Ta ɗan yi kuka na haushi, tunda ba mai gani. Sannan ta zauna ta dinga jan gindi a kan duwatsu, tana zagin tumakin suna tafe a gabanta, har ƙasa.

Ta iso shinge an kusa gama rabo, wando a yage, tafin hannu duk jini. Skafti ya taho da gudu, ta ɗaga masa sanda ya tsaya.

Ketill ya ce a hankali, "Baɗi fa, Hallbera? In kika kasa saukowa?"

"Ba kuna sake komawa neman tumakin da suka maƙale ba?"

"Muna komawa."

"To in na maƙale, ku nemo ni tare da su. Amma kwazazzabo nawa ne."