Cigiyar da Malam Haliru Ladan Ya Bar Mini

Ina tsakiyar kasuwar albasa a Aliero, na riƙe bakin buhu ana ɗinkewa, sai wayata ta yi ƙara. Ƙanena ne. Ko sallama bai yi ba, abin da bai taɓa yi mini ba. Ya ce, "Yaya Bashiru, Baba Ladan ya cika, yanzun ga, asibiti Jega." Na saki buhun, albasa ta watse a ƙasa, na yi ta maimaita Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un har mai ɗinkin ya kama hannuna ya zaunar da ni. Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, kafin baƙin ciki ya iso zuciyata tsoro ya riga shi. Abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne ranar Juma'a mai zuwa.

Malam Haliru shi ne ladanin masallacin Juma'a na garinmu, wani ɗan gari tsakanin Maiyama da Jega wanda ba kowa ya san da shi ba sai masu sayen albasa da gero. Na tashi na tarar da muryarsa, kamar yadda na tarar da rijiyar ƙofar gidanmu. A hannunsa na yi karatun allo, kuma da girma ya fara kama shi, ni ya jawo ya mayar na'ibinsa. Ba don muryata ba. Yakan ce in na yi kiran salla har awaki sukan ɗaga kai su ga ko ɗan'uwansu ne ya maƙale a shinge. Ya ce dai ya zaɓe ni ne don ba na makara.

A garinmu aikin ladan bai tsaya ga kiran salla ba. In an sallame sallar Juma'a, kafin mutane su miƙe, shi ke ɗaukar abin magana ya yi sanarwa: suna, ɗaurin aure, gayyar gyaran hanya, sannan cigiya. Wanda duk ya ɓatar da wani abu yakan je ya same shi a gida ya faɗa masa, shi kuma ya faɗa wa gari. Cigiya tana da ƙa'idojinta da muka gada. Ladan ba ya ƙirƙirar ta da kansa, sai wani ya kawo. Ba ya bayyana mai ita sai da yardarsa. Kuma ba ya daina maimaita ta duk Juma'a har sai an ga abin, ko mai shi ya zo da bakinsa ya ce ya haƙura. Malam Haliru ya riƙe waɗannan ƙa'idoji kamar farillai. Na ga ya yi cigiyar takalmin wata yarinya, ƙafa ɗaya, damina guda cur, mutane na dariya, shi ko a jikinsa. Ko goro ba ya karɓa a kan cigiya. Yakan ce, "Wanda abu nai yab ɓace, ba a ƙara mashi ɓata."

Shekarun baya wasu mutane suka zo da motoci suka fara haƙar farar ƙasa a gabashin gari. Da farko nesa suke, can bayan gonakin gero, kuma mun yi murna don samarinmu sun samu aikin lodi. Sai ramin ya fara tafiya. Duk rani ya matso, duk damina gefensa ya zabtare ya ƙara faɗi, har ya ci gonaki ya tunkaro maƙabartar gari. Tsakanin bakin ramin da kaburburan farko ba abin da ya rage sai wata tsohuwar aduwa da ɗan fili. In ka tambayi mai tuƙa katafila, ya ce shi ɗan aiki ne. In ka tambayi wakilin masu haƙar, ya ce sun daidaita da manyanmu. In ka tambayi manyan, su ce daga sama abin ya zo. Ba wanda ya ce shi ne, ba wanda ya nuna mana inda aka ce a tsaya, kuma kowa ya ja bakinsa ya yi shiru, domin masu tifofin nan ba su yi kama da mutanen da ake ja da su ba.

Wata Juma'a, bayan ya gama cigiyar wata tunkiya, Malam Haliru bai ajiye abin magana ba. Ya gyara murya ya ce, "Jama'a, akwai wata cigiya. Ana cigiyar wanda yab ba da izinin haƙa gabas ga maƙabarta, da inda anka ce haƙar ta tsaya. Wanda duk yas san shi, ko yaj ji labari nai, shi taimaka don Allah shi hwaɗi." Ina zaune kusa da ƙafarsa. Ban taɓa jin masallacinmu ya yi tsit irin na ranar ba. Wasu a sahun gaba suka sunkuyar da kai, wasu suka shiga neman takalmansu tun ba a shafa addu'a ba. Lasifika kuwa ta riga ta kai maganar cikin kowane gida.

Juma'ar da ta biyo baya ya maimaita, kalma da kalma, da wadda ta biyo bayanta. Manya suka kira shi zaure, na raka shi. Wani dattijo ya ce, "Malam Haliru, wa yab ba ka cigiyag ga?" Ya ce, "Ranka shi daɗe, ka san ladan ba shi hwaɗin mai cigiya." Aka ce masa yana zargin mutane a ɗakin Allah. Ya ce, "Ban kiri sunan kowa ba. Tambaya ta. In abin da gaskiya anka yi shi, mi aw wuyar amsawa?" Bai ɗaga murya ba, bai ɓata fuska ba, ya yi musu sallama muka fito. A hanya na ce masa ƙafafuna rawa suke. Ya ce nasa ma haka, sai dai babbar riga ta rufa masa asiri.

Daga nan abubuwa suka fara faruwa. Wani ya zo da alkawarin zai saka wa masallaci sola da sababbin lasifikoki, in dai za a rage tsawon sanarwa. Malam ya gode masa, ya ce tsofaffin suna aiki. Ba a daɗe ba muka zo ranar Juma'a muka tarar an yanke wayar lasifika an tafi da ita. Na ce masa to yau sai haƙuri. Ya dube ni ya ce, "Da can da mi muka yi?" Da aka sallame ya fita ƙofar masallaci, ya ɗora hannu a kunne kamar yadda ladanai ke yi kafin zuwan na'ura, ya yi cigiyarsa da muryar da Allah ya ba shi, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi. Washegari ya hau bayan babur ya je Maiyama ya sayo wata wayar.

Ba wanda ya taɓa amsa cigiyar. Amma akwai abin da kowa ya gani da idonsa: tun ranar da ya fara ta, katafila ba ta ƙetare aduwar nan ba. Tana haƙa kudu, tana haƙa arewa, amma ba ta matso kaburbura ba. Ko wane ne ya ba da izinin, ba ya son ranar da za a ce ga shi, kuma muddin ana tambaya a bainar jama'a duk mako, ya san ranar tana iya zuwa.

Ina so in faɗi wani abu a fili, domin na ji ana raɗe-raɗi. Ba wanda ya kashe Malam Haliru. Ya daɗe yana fama da hawan jini, ya faɗi a gonarsa da hantsi, aka kai shi Jega, kwanansa ya ƙare. Shi da ya ƙi zargin kowa yana raye, ba zan yi zargi da sunansa yana kabari ba.

Mun yi masa sutura da la'asar. A maƙabartarmu ana haƙa kabari ne kusa da na ƙarshe, layi bayan layi, ba a zaɓa wa kowa wuri. Layin kuwa ya riga ya zagayo ya dawo gefen gabas, kusa da tsofaffin kaburbura. Haka Allah ya ƙaddara aka sa shi a kabarin da ya fi kowane kusa da aduwar. Muna zuba ƙasa ina jin ƙarar tifa tana hawowa daga cikin ramin, kuma da na ɗaga kai na ga bakin ramin fari fat, da tsagewar da ruwan bara ya bari a gefensa. Na tsaya ina lissafin damina a zuciyata, hannuna cike da ƙasar da ban iya zubawa ba, har liman ya taɓa kafaɗata.

A zaman makoki wasu baƙi suka zo da mota, suka sauke buhunan shinkafa, suka yi ta'aziyya yadda ya kamata. Da za su tafi, ɗaya daga cikinsu ya ja ni gefe. Ban san shi ba, amma shi ya san sunana, ya san inda nake ajiye albasata, har ya tambayi lafiyar yarana da sunayensu. Yana murmushi ya ce, "Malam Bashiru, mun ji kai za a ba ladanci. Allah shi taya ka riƙo. Ita cigiyag ga, ai kowa ya san tsoho shi yaƙ ƙirƙiro ta. Ta bi mai ita. Kai yaro na mai hankali." Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Kafin ranar Alhamis katafila ta tuge aduwar, na je na gan ta kwance, saiwoyinta a sama.

Na tsorata ƙwarai, har abinci ya daina shiga. Na fara gaya wa kaina cewa mutumin nan yana da hujja. Ni ma a raina na daɗe ina zaton Malam ne ya karya ƙa'ida sau ɗaya a rayuwarsa ya yi cigiyar kansa. In haka ne, babu mai ita, kuma ba abin da ya hau kaina. Ina da mata da yara, ga hanyar Aliero da nake bi ni kaɗai a kan babur. Na yanke shawarar in yi sanarwar suna da ta awaki in ajiye abin magana.

Da safiyar Juma'a Inna Hajo, matar marigayin, ta aiko a kira ni. Tana cikin takaba, zaune a ƙofar ɗakinta da carbi. Na durƙusa na gaishe ta. Ita ce ta yi ta ba ni tuwo ina almajirin mijinta, ban taɓa jin ta sa baki a maganar gari ba. Ta ce, "Bashiru, yau kai ka tsayawa?" Na ce, "Ni na, Inna." Ta ce, "To kak ka manta da cigiyata." Na ɗaga kai na dube ta. Ta ce, "Tawa ta. Ni nak kai ma Malam ita, nan inda kake durƙushe. Ɗiyana biyu na kwance gehen nan na gabas, tun suna ƙanana. Ban san kabarinsu ba, mace ba ta zuwa, amma na san gehen. Yanzu ga ubansu ya bi su. Ba a ga abin da nika nema ba, kuma ban haƙura ba." Na ce, "Inna, tsoro nika ji." Ta ce, "Shi ma ya ji. Duk Juma'a ba shi iya cin abincin rana." Ta ci gaba da jan carbinta. Da yardarta nake faɗin sunanta a rubutun nan.

Da aka sallame salla na miƙe. Na ɗauki abin magana. Na yi sanarwar suna, na yi cigiyar wani ɗan akuya. Na hango mutumin nan mai murmushi a bakin ƙofa, ya harɗe hannuwa. Sannan na faɗi cigiyar Inna yadda Malam ke faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba, da muryar nan tawa da yake yi wa dariya. Na ce ana cigiyar wanda ya ba da izinin haƙa gabas da maƙabarta, da inda aka ce haƙar ta tsaya. Sai bayan na gama na ƙara abu ɗaya kawai, na ce mai cigiya tana nan da ranta, kuma ba ta janye ba.

Ba wanda ya amsa. Har yanzu da nake rubutun nan ba wanda ya amsa, kuma tsoron bai bar ni ba. In babur ya biyo bayana a hanyar Jega sai na rage gudu ya wuce. Hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma, ga bakin ramin babu aduwar da ke riƙe ƙasa. Ban san ko katafila za ta tsaya ba. Abin da nake roƙo ga duk wanda ya karanta wannan, in ya san wanda ya ba da izinin, ko ya ji labarinsa, ya taimaka don Allah ya faɗa. Juma'a mai zuwa ma zan tambaya.

Allah ya jiƙan Malam Haliru Ladan, ya gafarta masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya yalwata masa shi. Allah ya sa kiran sallar da ya yi ta yi ya zame masa sheda ranar da ba wanda zai iya ɓoye abin da ya aikata. Allah ya ba Inna Hajo da sauran iyalinsa haƙuri, ya tsare su, ya zame musu gata. Ni kuma Allah ya ƙarfafa mini ƙafafu. Ƙasar da muka rufe shi da ita, shi da 'ya'yansa da iyayenmu duka, ya Allah ka bar ta inda muka zuba ta har ranar tashi. Amin.