Ƙulin da Ake Soyawa da Salati

Tun da na buɗe ido a gidanmu na Madarumfa nake shaƙar ƙamshin gyaɗa. Sana'ar Inna ƙuliƙuli ce da man gyaɗa, kasko ɗaya, turmi ɗaya, kuma ita kaɗai take tsayawa gaban wuta. Shekarar da na gama lise, wato sakandare, a Maraɗi na dawo na tarar gidan ya canza. Wani alhaji mai butik, wato kanti, a Ɗan Issa ya ɗanɗana ƙulinmu, ya ce duk mako a cika masa manyan ledoji. Baba ya sayi injin niƙa, amalanke na kawo buhunan gyaɗa daga Safo, kasko ya zama uku. Goggo, ƙanwar Baba, ta kama ɗaya, matar Kawu ta kama ɗaya.

Aiki ya yi albarka, amma ba tsari ko kaɗan. Ba wanda ya san buhun da ya riga zuwa, gishiri kowa da hannunsa, matsami ɗaya mata uku suna faɗa a kansa. Ni kuwa a lokacin ji da kaina nake, gani nake wanda bai zauna aji ba bai san duniya ba. Na ɗauki alli na rubuta wa kowane buhu ranar zuwansa, na samo gwangwanin tumatir na awon gishiri, na sayo matsami uku. Goggo ta sa mini suna Madam, in na gifta sai ta miƙe ta sara mini da muciya.

Ana cikin haka saƙo biyu suka zo mana mako ɗaya. Yayata ta haifi tagwaye a Ɗan Issa, dole Inna ta je ta yi mata zaman arba'in. Alhaji kuma ya aiko cewa ƙuli iri uku yake gani a ledarmu: akwai mai kyau, akwai fari wanda cikinsa bai soyu ba, kwana uku ya yi laushi, akwai baƙi mai ɗaci. In ba za a mai da shi iri ɗaya ba, zai nemi wani gida. Kowa ya san mai kyan na Inna ne, ga shi saura kwana biyar Inna ta tafi. Abin ba ƙarami ba ne, don a kan cinikin alhajin nan Baba ya sayar da bijiminsa ya sayi inji.

Na tara su na tambaya yadda kowa ke suya. Goggo ta harare ni.

"Ke Madam, yadda uwarki ta hwaɗi haka muka yi. A jefa ɗan gwaji, in ya taso a zuba, a ja carbi biyu na salati, a kwashe. Ko ɗaya ba mu ragewa."

Matar Kawu ta rantse ita ma haka take yi. Kuma gaskiya suka faɗa. Inna ba ta taɓa duba agogo ba, da salatin Annabi take auna suya, carbinta har ya yi baƙi yana sheƙi saboda mai. Shi ta koya musu.

Washegari na zauna a tsakaninsu na kasa kunne, sai dariya ta kama ni har na riƙe ciki. Goggo mace ce mai hanzari, ko gaisuwa a tsaye take yi, carbi na gudu a hannunta kamar ana bin ta. Matar Kawu kuwa 'yar gidan malamai ce, kowane harafi sai ta ba shi haƙƙinsa, ta ja, ta numfasa. Goggo ta kwashe ta sake zubawa, matar Kawu carbi ɗaya kawai ta ja.

Maganin a wajena mai sauƙi ne: in auna salatin Inna da agogon salula. Na tsaya a kanta da waya a hannu na ce ta fara. Nan na yi wauta. Inna ta ga ana auna ta, sai ta gyara zama, ta gyara kallabi, ta shiga salati a tsanake kamar a gaban liman. Kafin ta kai ƙarshen carbi na biyu hayaƙi ya tashi. Ranar na fara ganin ƙulin Inna ya ƙone.

"Kin gani ko? Ɗauke min wagga aba daga kaina," in ji ta. Goggo kuwa har da guɗa.

Sai na koma dabara. Na ɓoye wayar cikin mayafi, na zauna gefe ina sheƙe ɓawon gyaɗa kamar ba ruwana, ina latsawa idan ta zuba, ina latsawa idan ta kwashe. Kwana biyu ina haka. Abin ya ba ni mamaki, ya kuma sa na ji kunyar girman kaina: ko tana faɗa, ko tana dariya, suyar Inna minti shida ce da ɗan ɗoriya, ba ta kaucewa. Baba ya sayo mana ƙaramin agogo mai ƙararrawa a kasuwar Maraɗi, muka ɗora shi kan turmi.

Goggo ta ce ita ƙarfe ba zai raba ta da salati ba. Na ce ta yi salatinta yadda ta ga dama, agogo dai shi zai ce a kwashe. Da ta lura carbi uku take samu kafin ƙararrawa, matar Kawu ɗaya da rabi, sai ta kama tsokanarta wai ta fi ta lada. Daga ranar ta fi kowa son agogon, har ƙyalle ta ɗinka masa saboda mai.

Inna ce ba ta yi dariya ba. Da safen tafiyarta, tana ɗaure kaya, ta ce mini a hankali, "To in agogo ya iya, ni mi ya rage min?" Maganar ta zauna mini a rai kwana arba'in.

Ni na riƙe kaskon Inna, muka yi ta aika kaya, alhaji bai sake ƙorafi ba, har ya ƙara leda biyu. Ranar da Inna ta dawo, bayan an gama barka da labarin tagwaye, ta ba mu nata labarin. A mako na uku ta lulluɓe fuska ta je butik ɗin kamar baƙuwa, ta sayi ƙulinmu na dala ashirin, ta koma ɗaki ta zauna tana karyawa ɗaya bayan ɗaya, tana neman na Goggo.

"Wallahi ban gane shi ba," ta ce. "Duka nawa ne. Na ji haushi kaɗan, kuma na cinye."

Goggo ta taka rawa a tsakar gida.

Washegari na ɗauka Inna za ta karɓi kaskonta. Sai ta ce in ci gaba da riƙe shi, ta shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar bedi ta ciro carbinta. Ƙararrawa ta kaɗa, muka kwashe, ta sake kaɗawa, Inna ko waiwaye. Can ta kira ni, idonta ya yi rau-rau amma tana murmushi.

"Shekara talatin ina salati kunnena na cikin kasko," ta ce. "Yau na ja carbi biyu ban ji ƙarar mai ba."

Ta miƙo hannu na zuba mata ƙuli mai zafi, ta ci, ta koma kan carbinta.