Wuyan Malam Lawal Direba

Akwai ranar da har na bar aikin nan ba za ta fita daga raina ba, ranar da na kusa sa hannu a takardar Malam Lawal.

Lokacin ina shekara ta biyu a sashen gashin ƙashi na wani asibiti kusa da Mando, ina ƙaramin ma'aikaci. Ƙa'idarmu ita ce babban jami'i ya duba mara lafiya ya rubuta abin da za a yi masa, mu ƙanana mu yi tausar, kullum mu rubuta ci gaba a kati. Ni kuwa a lokacin ji nake babu hannu irin nawa a Kaduna.

Malam Lawal Bakatsine ne, direban wata Hajiya a Malali, shi ke kai 'ya'yanta uku makaranta. Wuyansa ya sanƙare, ba ya iya waiwaye, har ya goga motar a bakin get. Hajiya ta ba shi wata guda: ya kawo takardar asibiti cewa ya warke, ko ta nemi wani.

Mako uku ina sa masa tawul mai ɗumi, ina murza jijiyoyin wuyan daga ƙeya zuwa kafaɗa. Kullum na tambaye shi jiki sai ya ce da sauƙi, Alhamdu lillahi. Ni ma sai in rubuta hakan a kati, ina jin daɗin kaina.

Ranar da na shirya takardar, na kai wa ogana, Malam Shehu, dattijon da ba ya gaggawa ko gobara ake. Ya karanta, ya ce in bari mu dawo daga Azahar. A masallaci ya ja ni muka tsaya bayan Malam Lawal. Da aka zo idar da salla, sai na ga bawan Allah ya juya ƙirjinsa gaba ɗaya dama da hagu, kan bai motsa ba. Kunya ta kama ni sosai.

"Ka taɓa jin Bahaushen da aka gaida da jiki ya ce babu sauƙi?" in ji Malam Shehu. "Gaisuwa ka yi ta rubutawa."

Da muka koma ɗakin tausa, ya kwantar da Malam Lawal, ya bi bayansa da babban yatsa a hankali, idonsa na kan yatsun ƙafar mutumin. Da ya isa gefen allon kafaɗa sai yatsun suka ƙudundune. Nan ƙullin naman yake, inda ban taɓa kai hannu ba.

Malam Lawal ya ce, "Likita, ɗiyana shidda. In na ce da ciwo, mi za su ci?"

Malam Shehu ya kira Hajiya da kansa ya roƙi ƙarin mako biyu. Ta yi ƙorafi, amma ta yarda. Muka koma kan ƙullin, dannawa da miƙarwa, kullum ina auna iya inda haɓarsa ke kaiwa.

Ranar ƙarshe yana fita na kira sunansa daga baya. Ya waiwayo da kai kaɗai, ya yi dariya.

Shi ya sa nake gaya muku, ku sabbin ma'aikata, ku gaida mara lafiya yadda aka saba, amma kada ku rubuta amsar. Da na sa hannu ran nan, yara uku zan ɗora a motar da direbanta ba ya ganin gefensa.